Maganar dofamin: rabi gaskiya, rabi kasuwa

Kwanan nan ko ina ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ci karo da wani matashi ya maƙala makirfo a wuyan riga yana maka bayanin dofamin, wai dalilin da ya sa ba ka iya karatu, ba ka iya tashi da asuba, ba ka iya zama ka gama aiki ɗaya, duk dofamin ɗinka ne ya ƙare ko ya lalace, in kana so ya gyaru ka yi wanka da ruwan ƙanƙara, ka yi azumin dofamin na mako guda, ko kuma ka turo kuɗi a saka ka a gurup ɗin WhatsApp. Ni dai a ganina rabin maganar nan gaskiya ce, rabi kuma kasuwa ce kawai, kuma rabin gaskiyar ma an sa mata riga a baibai. Ba ka da wata hanya a gida da za ka auna dofamin ɗin da ke kanka balle ka ce yau ya hau gobe ya sauka. Abin da ke hannunka shi ne tsarin yininka, me kake fara taɓawa in ka farka, ina wayarka take kwana, ƙarfe nawa kake barci, da kuma ko akwai wani abu na gaske a rayuwarka da kake sa ran samu in ka yi wahala.

To menene ma dofamin ɗin? Sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna haka tun wajen 1957 zuwa 1958, kuma a kan wannan aikin aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Abin da ya fara fitowa fili ma ba maganar jin daɗi ba ce, maganar motsin jiki ce. Ciwon nan na karkarwa, Parkinson, wanda ya kama Muhammad Ali ɗan dambe, yana faruwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da dofamin a wani lungu na ƙwaƙwalwa suka mutu. Wanda nasa ya yi ƙasa da gaske maɓallin riga ma gagararsa yake, hannu na rawa, tafiya sai da jan ƙafa. Don haka kai da ka kwana kana danna waya da yatsu biyu ko gajiya babu, don Allah daina cewa naka ya ƙare.

Abin da ya fi burge ni a duk labarin shi ne aikin da wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya yi da birai a Suwizalan a shekarun 1990. Ana ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato ba tsammani, sai ƙwayoyin dofamin su zabura. Sai aka riƙa nuna masa wata alama, fitila ko ƙara, kafin a ba shi ruwan, da birin ya gane alamar na nufin zaƙi na tafe sai zaburar ta koma kan alamar, lokacin da ruwan ya iso bakinsa kuwa shiru kake ji. In kuma aka nuna alama aka hana shi, daidai lokacin da yake jiran ruwan sai aikin ƙwayoyin ya faɗi ƙasa da yadda ya saba. Ka ga ashe ba zaƙin ne ke tayar da su ba, sa rai ne. Wani kuma a Jami'ar Michigan ta Amurka, Kent Berridge, ya gwada da ɓerayen da aka kashe musu kusan duk dofamin ɗinsu, ga abinci a gabansu amma ba za su taka su ci ba ko da yunwa za ta kashe su, amma in ka ɗiga musu ruwan suga a harshe sai su lashe baki yadda kowane ɓera ke yi. Daɗin na nan, tashi a nemo ne babu.

Shi dofamin ɗan kamasho ne na tasha. Aikinsa ya tsaya bakin mota yana "Zariya, saura mutum ɗaya!" har ka shiga ka zauna, ba ruwansa da ko motar na da lafiya ko za ka ji daɗin tafiyar, kuma kowa ya san saura mutum ɗayan nan ƙarya ce. Shi ya sa za ka share awa uku kana ja da babban yatsa kana cewa saura bidiyo ɗaya, in aka tsare ka aka ce faɗi biyar cikin waɗanda ka kalla ba za ka iya ba, ba ka ma ji daɗinsu ba, ka tashi da ciwon kai da haushin kanka.

Akwai kuma abin da Schultz da abokan aikinsa suka gano a 2003, ƙwayoyin nan sun fi zaƙuwa idan ladan ba shi da tabbas, ko a samu ko a rasa, rabi da rabi. Tun kafin nan da daɗewa wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya ga irin haka da tantabaru, wadda ba ta san sara na nawa ne zai fito da hatsi ba ta fi naci a kan wadda ke samu a kowane sara. Duk wata caca a duniya a kan wannan aka gina ta, kuma masu ƙera manhajojin waya sun san karatun nan sarai. Ba ƙazafi nake musu ba, su suka faɗa da bakinsu. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya fito a 2017 ya ce tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa iya iyawarsu, ta hanyar ɗan ɗanɗana masa dofamin duk sanda wani ya yi masa layik ko kwament. Aza Raskin da ya ƙirƙiro shafin nan da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi, a 2006, daga baya shi da kansa ya nuna nadama.

Mu nan mun ga abin da idonmu a 2024. Notcoin, wasan danna waya a Telegram da ake tara kuɗin kirifto da shi, ta fashe a watan Mayu, wasu suka samu kuɗi na gaske, shi ke nan gari ya ɗauka, kowa ya zama ɗan mayinin. Ka je majalisa bayan magariba, benci cike da samari ba mai ce wa wani uffan, kai a sunkuye, yatsu huɗu-huɗu a kan sikirin ana dukan Hamster Kombat, wani wasan irin na Notcoin, wani waya biyu a cinya ɗaya a hannu fawa bank na reto, mai shayi ya ajiye kofi har ya huce ba a taɓa ba, in ma magana ta taso ɗaya ce, ka samu kombon yau? Har matan aure a cikin gida, har dattawa da furfurarsu. Ranar 26 ga Satumba aka yi rabon kuɗin Hamster, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin data da cajin da suka ƙona ba. Amma ni ba asarar ce ta tsaya min a rai ba. Waɗannan fa su ne samarin da kullum ake cewa ba su da naci, ba sa iya maida hankali a kan komai, ga su wata da watanni ba fashi ko na rana ɗaya. Nacin na nan daram, wani ne ya riga mu karkatar da shi. Haka abin yake a shagunan bet da Hisbah ta bi tana rufewa a Kano a ƙarshen 2024, kullum wasa ɗaya ne ke yanka tikiti, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ke dawo da yaro gobe. Likitoci ma sun daɗe da sanin cewa wasu magungunan Parkinson da ke kwaikwayon dofamin kan jefa wasu marasa lafiya cikin caca, dattijon da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, in aka rage maganin ko aka canza sai abin ya lafa.

Shi kuma azumin dofamin da ake yayi daga Kalifoniya ya taso. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Cameron Sepah, ya yaɗa shi a 2019 tsakanin ma'aikatan kamfanonin fasaha, kuma abin da mutumin ke nufi mai sauƙi ne, ka ware wasu sa'o'i ka nisanci ɗabi'ar da ta fi ƙarfinka, waya ce ko caca ko ciye-ciye, shi da kansa ya ce ba wai sinadarin ake ragewa ba. Da abin ya faɗa hannun 'yan intanet sai ga masu ƙin hira da mutane, masu ƙin haɗa ido da kowa wai kar dofamin ya motsa. Maganar ruwan sanyi ma haka, duk masu cewa yana ƙara dofamin da kashi 250 cikin ɗari bincike ɗaya suke jawowa, na shekarar 2000, inda aka zaunar da mutane awa guda cur cikin ruwa mai sanyin digiri 14, kuma a jini aka auna, ba a ƙwaƙwalwa ba. Dofamin ɗin da ke jini ba ya iya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ma ba shi ake ba masu Parkinson ba, ƙwayar magani ta lebodofa ake ba su, ita ke shiga sannan ta rikiɗe ta zama dofamin a can. In da ruwan sanyi na sa hazaƙa ai da 'yan makarantar kwana da ke wanka da asubar hunturu a Jos da Funtuwa duk sun zama farfesoshi. Ka yi wankanka in yana wartsake ka, ba laifi, amma kar ka biya kowa ya koya maka.

To me ke aiki? Ni barci nake sawa a gaba, kuma shi ne wanda ba a son ji don ba ya sayuwa. Nora Volkow da tawagarta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a 2012 bayan an hana su barcin dare ɗaya tak, suka ga wuraren da ke karɓar saƙon dofamin sun ragu a ɓangaren da ke kula da himma, mutanen kuma suka yi sukuku. Yanzu dubi yadda muke rayuwa. Data ta yi tsada, balle bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, mai arhar ita ce ta dare, daga wajen sha biyu zuwa asuba, wuta ma sau da yawa sai dare ake kawowa. Sai ka ga ɗalibi ya sayi ta dare da niyyar sauke lacca, ƙarfe uku yana kallon rikicin 'yan TikTok, asuba ta wuce shi, laccar ƙarfe takwas yana gyangyaɗi, sannan da yamma ya zo yana tambaya wane abinci ne ke ƙara dofamin. Malam ba abinci ba ne, ka jera abin da za ka sauke ka danna, ka kife wayar ka kwanta, zai sauka ko kana barci. Ga goro da shayi da kofi da lemukan nan na ƙarin kuzari, sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ya zauna shan ataya ƙarfe tara na dare kuma yana mamakin idonsa biyu ƙarfe ɗaya, kansa ya yi wa.

Sai nisa. Tunda alama ce ke tayar da kwaɗayin, dabara ita ce ka rage alamar, ba ka zauna kana kokawa da ita ba. Wayar da ke ƙarƙashin filo ta riga ta ci ka da yaƙi tun kafin ka buɗe ido. Ta kwana a falo ko cikin durowa, in don ƙararrawar tashi ce agogon tebur nawa yake, kuma a yawancin unguwanninmu ladan ma ya isa. Ka kashe duk wani notifikeshin in ban da kira, manhajar da ta fi cin ka ka goge ta, in ta kama dole ka shiga ta burauza ka sha wahalar rubuta fasiwod, wannan 'yar wahalar ta sakan goma tana korar rabin shigar da ba ta da dalili. A Jami'ar Pennsylvania an gwada a 2018 da ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da damuwarsu sun ragu a kan waɗanda aka ƙyale. Ba a ce su jefar da waya ba fa, iyaka kawai aka sa. Ni ban yarda da masu cewa a koma ƙaramar Nokia gaba ɗaya ba, matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta a sitatus, ko mai POS, ko ɗan jarida, wayar ce shagonsu. Amma shago ma ai yana da lokacin buɗewa da na rufewa.

Abin da na fi yarda da shi duk cikin dabarun nan shi ne wanne ka sa a farko. In ka farka ka fara da abin da ke ba ka sabon abu kowane sakan goma sha biyar, sannan ka ce za ka buɗe littafin kemistiri, littafin ba zai taɓa yin armashi ba. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta daɗe tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a sikirin, a 2004 wajen minti biyu da rabi ne, a 'yan shekarun nan ya dawo sakan 47. Juya tsarin kawai za ka yi, aiki mai nauyi tukuna, waya daga baya a matsayin tukuici. Mu da aka taso da mu a kan addu'ar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta, da kuma cewa ba ya son hira bayan isha'i, bai kamata sai wani Bature mai fodkas ya faɗa sannan mu ce kai, ashe haka ne ba.

Kuma a nan ina ganin tsangaya tana da abin koya mana, ba ina kare bara ko barin yara a titi ba, wannan magana ce daban, tsarin karatun nake nufi. Almajiri ba ya tashi da niyyar haddace izu sittin yau. Allo ɗaya ne a hannunsa, 'yan layuka ne a kai, ya yi ta maimaitawa tun asuba, ya je ya biya wa malam, in ya yi daidai a ce je ka wanke, ya wanke ya shanya ya rubuta na gaba. Aikin ƙarami ne, ƙarshensa a bayyane, akwai wanda zai duba, lokacin bai canzawa, ga hutun Alhamis da Juma'a, ga sauka can gaba ana hango ta. Duk abin da masu binciken ƙwaƙwalwa ke cewa yana riƙe himma yana cikin nan. Kwatanta da kai da ka rubuta a takarda cewa daga gobe karatun awa shida, ba shafi, ba iyaka, ba mai tambayar ka. Ka ce shafi huɗu kafin ƙarfe bakwai, ka samu aboki ɗaya da za ka biya wa, ko ta waya ce. Motsa jiki ma haka, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, wato wajen rabin awa sau biyar, tafiyar ƙafa da sauri ta isa, ƙwallon yamma a filin firamare ta isa, ba sai ka yi rajistar jim ba.

Sai dai kuma a yi hattara, ba kowace kasala ce ta waya ba. Wanda ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, abinci ba ɗanɗano, hira ba armashi, barci ya rikice, yana jin rayuwar ma ta ishe shi, wannan zai iya zama ciwon damuwa, kuma ba a goge TikTok a warke daga shi. Akwai kuma waɗanda tun suna yara ba sa iya zama wuri ɗaya, an yi ta dukansu a makaranta ana ce musu dakikai alhali lalura ce da ke da magani. Irin waɗannan likita za su gani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya ji an ce sinadari ne ya yi masa ƙaranci sai ya nufi kemis. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Da yawan masu shan tiramol da sunan ƙarfin aiki suka fara, ɗan acaba, lebura, manomi, har ta kai in babu ita ba a iya tashi.

Inda na rabu da masu wa'azin dofamin gaba ɗaya shi ne yadda suke ɗora komai a wuyan yaro shi kaɗai. Ƙasar Sin da ta haifi TikTok, nata na gida Douyin minti 40 kacal yake ba 'yan ƙasa da shekara 14 a rana tun 2021, a shekarar ce kuma suka taƙaita wa yara wasan gem na intanet zuwa awa uku a mako. Ostireliya ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da 16 shafukan sada zumunta. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, sun dai ɗauki abin a matsayin matsalar al'umma. Mu kuwa uwa na girki yaro ɗan shekara biyu ya yi kuka a miƙa masa waya, uba ya dawo ya kishingiɗa da tasa, sannan a taru a ce yaran zamani ba sa jin magana.

Kuma ko an gyara duk wannan akwai babbar da ta rage. In dofamin sa rai ne, to ƙwaƙwalwa na koyo daga abin da take gani. Yaron da ya zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, ya ga yayansa ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, ga shi shekara biyar yana yawo da fayil, me kake so ƙwaƙwalwarsa ta sa rai da shi in ya buɗe littafi? Hamster aƙalla ta yi masa alkawarin ranar rabo. Ka shiga Farm Centre a Kano ka ga yaran da ke gyaran waya, ɗan shekara sha bakwai ya sunkuya a kan allon waya da ƙarfen walda ƙarami, ido a gilashin ƙara girma, hayaniyar kasuwa ta ko'ina ana kiran kwastoma ana kiɗa, shi ko ɗagowa ba ya yi awa biyu, ga wayoyi goma a gabansa bai buɗe TikTok a ko ɗaya ba, saboda ya san in sikirin ɗin nan ya kawo haske mai wayar na tsaye zai biya shi kafin la'asar. Ba wanda ya koya masa azumin dofamin. Kuɗin da gwamnonin jihohinmu ke kashewa a taron wayar da kan matasa a otal, da shayi da jakunkuna da rigunan taro, da za su biya wa yara kuɗin koyon sana'a a wurin irin waɗannan ogannin, a Farm Centre ko Kofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, su kuma bi sawu su ga yaro na zuwa, da an fi ganin bambanci.